Alawar gida: yadda ake yin ta, da inda kayan haɗinta suka samo asali

Ga wasu tambayoyi da masu koyon alawa a gida suka fi yi, tare da wasu da ba a cika yi ba, game da asalin kayan da muke zubawa a tukunya kullum.

Wace alawa ce mai koyo zai fara da ita?

Kantun riɗi. Kayan haɗinsa biyu ne tak: riɗi kofi 2, sukari kofi 1. A wanke riɗin a rege shi sosai, domin tsakuwa guda tana iya ɓata faranti guda. A shanya ya bushe, a soya shi a busasshen kasko har ya fara tsalle yana ƙamshi, a juye. Sai a zuba sukari a tukunya mai kaurin gindi, a sassauta wuta, a bar shi ya narke ya zama ruwan zuma. Nan take a zuba riɗin, a juya da sauri, a juye kan faranti da aka shafa wa mai, a murza da kwalba. A yanka tun yana da ɗumi, don in ya huce sai dai a fasa. Da gyaɗa ma haka ake yi, sai dai a murje ɓawonta a ɗan farfasa ta.

Kwakumeti ma ba ya ba da wahala: a goge kwakwa, a haɗa da sukari da ɗan ruwa kaɗan, a yi ta juyawa har ruwan ya ƙone ta yi ja.

Na yi alawar madara ta ƙi daskarewa. Ina kuskuren yake?

Kusan kullum a wajen dahuwar sukari yake, ba a madara ba. Idan aka ɗora sukari da ruwa, ruwan yana ta ƙonewa, zafin yana ta hawa, kuma kowane mataki da irin alawar da yake bayarwa. Wajen digiri 112 zuwa 116 a ma'aunin Salshiyas yana ba da alawa mai laushi. Wajen 150 yana ba da mai tauri da ke karyewa ƙaras. Ya wuce 160 sai ya soma ja, daga nan kuma zuwa ɗaci ba nisa.

Iyayenmu ba su da ma'aunin zafi, amma suna da hanyar da ba ta ƙarya, kuma ita nake ba kowa shawara ya koya. A ajiye kofi da ruwan sanyi kusa da murhu, a ɗiga ruwan sukarin a ciki. In ya baje ya ɓace, da saura. In ya dunƙule ana iya mulmula shi da yatsa, lokacin alawar madara ya yi. A sauke tukunyar, a zuba madarar gari da kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, kamar kofi 3 ga sukari kofi 1 da aka dafa da rabin kofin ruwa. In ta haɗe jikinta, a juye kan leda mai mai, a murza, a yanka.

Wadda ta yi ruwa, an sauke sukari da wuri. Wadda ta yi tauri tana marmashewa, ya wuce lokaci. Wadda kuma ta yi tsaki-tsaki kamar yashi a baki, ƙwayoyin sukari ne suka sake haɗuwa, galibi saboda yawan juyawa yana tafasa. Ɗigon lemon tsami biyu ko uku tun farko yana hana haka. Yanayi ma yana da hannu a ciki: sukari yana zuƙar laimar iska, shi ya sa alawar da ta bushe ƙamas a hunturu take danƙo a tsakiyar damina.

Gullisuwa kuwa ba ruwanta da dafa sukari. Ana kwaɓa madara da sukari da ɗan ruwa, a mulmula ƙanana, a soya a mai marar zafi sosai. Wuta mai ƙarfi tana ƙona bayanta cikinta bai yi ba.

Shi sukarin daga ina ya fito?

Sunansa ma ya isa ya ba da labarin tafiyarsa. Rake an fara noma shi ne a tsibirin Niyu Gini, can gabas da Indunisiya, shekaru dubbai da suka wuce, kuma shan sa kawai ake yi kamar yadda muke yi a bakin kasuwa. Mutanen Indiya ne suka gano yadda ake dafa ruwansa har ya zama ƙwayoyi, suka kira shi sharkara a harshen Sanskirit. Farisawa suka karɓa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, mu kuma muka ce sukari. Ita kanta kalmar alawa daga halawa ta Larabci take, wato abu mai zaƙi. Haka kirfa da kanumfari, sunayen Larabci ne, ko da yake kirfa ta ainihi daga Siri Lanka take, kanumfari kuma daga tsibiran Maluku na Indunisiya.

Larabawa sun yaɗa noman rake zuwa Masar da Maroko da Andalus, wato yankin Sifen ta yau. Daga nan labarin ya yi muni. Turawan Fotugal sun kai shi tsibirin Sawo Tome da Barazil, sauran Turawa suka cika tsibiran Karibiyan da shi, kuma ƙarfin da ya noma waɗannan gonaki na bayi ne da aka kwasa daga Afirka. Miliyoyin mutane aka tsallakar da su teku, kaso mai yawa saboda sukari. Ban ga dalilin da za a ba da tarihin kayan zaƙi a tsallake wannan ba.

Ba duk sukari ne daga rake ba. A 1747 wani Bajamushe masanin sinadarai, Andreas Marggraf, ya nuna ana iya fitar da shi daga wani tushe mai kama da gwaza da ke yi a ƙasashen sanyi. A Najeriya dai rake ne, kamar gonakin Numan a Adamawa da Bacita a Kwara.

To kafin farin sukari ya wadata, da me ake zaƙaƙa abinci a ƙasar Hausa?

Da zuma da dabino, sai kuma mazarƙwaila. Nakiya da alkaki na garar amarya da zuma suka fi daraja, har yau kuwa wanda ya ci alkakin da aka tsoma a zuma ya san bambanci. Dabino asalinsa yankin Iraƙi da Tekun Fasha ne, ya bi zangon Sahara ya iso mu, ana kuma noma shi a Bilma da Ingal a Nijar, da Dutse a Jigawa. Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka matse aka dafa har ya yi kauri, aka zuba a mazubi ya daskare, ba a tace ta ba. Ana yin ta a yankunan rake irin su Maƙarfi. A kantu, a ganina ta fi farin sukari ɗanɗano nesa ba kusa ba. Abu guda dai: kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Gyaɗa fa? Ai wannan tamu ce.

Ta zama tamu, amma baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka, wajen Bolibiya da arewacin Ajantina, kuma jiragen ruwan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Ta samu karɓuwa da sauri, ga alama saboda manoma sun riga sun saba da gurjiya, wadda wasu ke kira kwaruru, ita ma mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, kuma ita ce 'yar asalin nan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan mulki auduga suka sa rai za a riƙa lodawa, sai manoma da 'yan kasuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata gare ta. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, su suka rushe dalar. Mai yin alawa ta tsince gyaɗarta da kyau, ta zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta canza launi, domin gubar da ke cikinta tana illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Riɗi kuwa a yankin Indiya aka fara noma shi, ko da yake danginsa na daji sun fi yawa a Afirka, kuma yau Najeriya tana cikin manyan masu fitar da shi. Ayar da muke dakuwa da ita, an same ta a kaburburan tsoffin Misirawa. Kwakwa daga kudu maso gabashin Asiya da gaɓar Tekun Indiya ta yaɗu.

Yaya batun cakulan?

Daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa, ba kokon da muke sha da ƙosai ba. Asalin itacen dajin Amazon ne, kuma an gano alamarsa a tukwane a Ikwado da suka haura shekara 5,000. Mutanen Maya da Aztek a Meziko abin sha mai ɗaci suke yi da shi, har da barkono, suna kuma ciniki da ƙwayoyinsa kamar yadda aka yi da wuri a nan. Sifaniyawa ne suka sa masa sukari. A 1847 kamfanin Fry a Ingila ya fitar da cakulan na tauna, a 1875 kuma Daniel Peter a Suwizalan ya haɗa shi da madara.

Wani maƙeri ɗan Gana, Tetteh Quarshie, ya dawo da irin koko daga tsibirin Fanando Po, a Ikwatoriyal Gini ta yau, wajen 1879. Yau Kwaddebuwa da Gana ke noma wajen rabin kokon duniya, amma ribar mafi tsoka tana wajen masu sarrafa shi a Turai da Amurka, ba wajen manomin ba.

Filebon fanila da muke ɗigawa a cincin da kek, mene ne shi?

Fanila 'ya'yan wata shuka ce mai yaɗo, 'yar Meziko. Da aka kai ta wasu ƙasashe sai ta riƙa fure ba ta 'ya'ya, domin ƙwarin da ke mata barbara ba su can. A 1841, a tsibirin Riyuniyon da ke ƙarƙashin Faransa, wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano yadda ake yi da hannu: da ɗan tsinke ake ɗaga siririn labulen da ke cikin furen, a danna da babban yatsa. Da wannan dabara tasa ake aiki har yau, fure bayan fure, a Madagaska da ta fi kowa noman fanila. Shi kuwa ya rasu a 1880 cikin talauci. Wahalar aikin ce ta sa ta tsada, shi ya sa yawancin ƙananan kwalaben da ke kasuwa sinadarin ƙamshin ne da aka haɗa a masana'anta. Yana aiki lafiya, sai dai a ɗiga shi bayan an sauke tukunya, don zafi yana korar ƙamshin.

Kwana nawa alawar gida ke yi ba ta lalace ba?

Kantu da kwakumeti da suka bushe sosai suna kai mako biyu ko fiye a mazubi mai murfi da iska ba ta shiga. Ta madara gara a cinye ta cikin 'yan kwanaki, musamman lokacin bazara. A bari ta huce sarai kafin a ƙulla a leda, in ba haka ba gumin da za ta yi shi zai jiƙa ta. Kuma a kori yara daga madafa sa'ad da sukari ke kan wuta, domin ya fi tafasasshen ruwa zafi, in ya zuba a fata kuma manne mata yake yi.