Ciwon Zuciya Da Shanyewar Ɓarin Jiki Ba Ta Ƙofa Ɗaya Suke Shigar Kowa Ba

Da yawa daga cikin waɗanda nake auna wa jini, idan na nuna musu lamba ta haura, amsarsu ɗaya ce: "Ai ni ba ni da ƙiba, kuma ba na jin komai." Sai in ce musu hawan jini ba ya sallama, kuma ba ya duba girman tumbi kafin ya shiga, musamman ga wanda asalinsa Afirka ne. Wannan magana ta asali nake so mu warware, domin ana yawan fahimtarta a baibai.

Abubuwan da ke jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki kusan iri ɗaya ne a duk duniya. Binciken INTERHEART da aka fitar a 2004, wanda ya shafi ƙasashe 52, ya nuna abubuwa 9 ne ke ɗauke da kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya, ciki har da shan taba, kitse a jini, hawan jini, ciwon suga da teɓa. Bambancin yana wajen wanne ne ke kan gaba a wace al'umma, da kuma shekarun da yake fara ɓarna.

Mutanen kudancin Asiya, wato 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangladesh, ta ɓangaren suga da kitse aka fi cin su. Za ka ga mutum ba shi da wani jiki, amma kitse ya taru masa a ciki, kewaye da hanta da hanji. Shi ya sa ciwon suga ke kama su da wuri, bugun zuciya ya biyo baya. A wancan binciken, matsakaicin shekarun bugun zuciya na farko a wurinsu 53 ne, a sauran wurare kuwa kusan 59. Har ma'aunin ƙugu aka rage musu: namijinsu da ya kai santimita 90 ya shiga haɗari, alhali na Bature sai ya kai 94. A gabashin Asiya kuma, irin su Sin da Japan, shanyewar ɓarin jiki ce ta fi addabar su, kuma yawan cin gishiri na da hannu dumu-dumu.

Mu da jininmu na Afirka ne, namu abokin gabar hawan jini ne. Yana fara mana da ƙuruciya, yana hawa sama sosai, kuma ya fi sauri wajen taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A Ingila an lura cewa baƙar fata ba su kai Turawa toshewar jijiyoyin zuciya ba, amma sun fi su shanyewar ɓarin jiki. A Amurka haɗarin shanyewa ta farko ga baƙar fata ya kusan ninka na farar fata, kuma tazarar ta fi faɗi a tsakiyar shekaru, lokacin da mutum ke tsaka da ɗawainiyar iyali. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana shi ma ya gano hawan jini ne babban sanadi, nesa ba kusa ba. Ga kuma sikila, wadda kan shanye ɓarin jikin ƙaramin yaro: kusan 1 cikin 10 na masu SS kan gamu da hakan kafin shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba.

To amma kada wani ya ce ai gado ne, shi ke nan, a naɗe hannu. A 1997 wani mai bincike, Richard Cooper, da abokan aikinsa sun kwatanta baƙar fata a wurare uku. Masu hawan jini a Afirka ta Yamma kashi 16 ne cikin 100, a tsibiran Karebiyan 26, a Amurka 33. Tushe ɗaya, amma lamba na hawa gwargwadon ƙiba da gishiri da yanayin zama. Haka aka gani ga Japanawan da suka koma Hawai da Kalifoniya: ciwon zuciya ya ƙaru musu fiye da 'yan uwansu da suka zauna gida. Ni a ganina wannan ne ya fi komai muhimmanci. Talauci, wariya, damuwa da nisan asibiti sukan fake a bayan abin da ake kira ƙabila. Kuma "baƙar fata" ba jini ɗaya ba ne, don babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin halitta.

Inda asali ke da amfani kai tsaye shi ne wajen zaɓen magani. Magunguna irin su lisinopril, idan su kaɗai ne, ba su cika sauke jinin baƙar fata kamar yadda amlodipine ke yi ba, kuma sun fi jawo musu kumburin leɓe da harshe. Don haka ƙa'idar likitocin Ingila ta ce a fara musu da dangin amlodipine. Sai dai mai ciwon suga ko ƙoda akan ba shi dangin lisinopril ko makamantansu da dalili, saboda haka kada ka ji wannan ka canja maganinka da kanka. Koma wurin likitanka ka tambaya.

Kada ka jira furfura kafin ka fara auna jini. Idan ya yi ta kaiwa 140/90 ko sama, ka nemi a duba ka, ko da lafiyarka ƙalau kake ji. Gishiri kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Idan kuma ka ga bakin wani ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a duba agogo a nufi asibiti nan take. Allurar da ke narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi na farko take aiki, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin a yi ta.