Ajiye tsohuwar mota ba ya kare birkinta

Masu riƙe da tsofaffin motoci na gado da dama sun daɗe suna ɗauka cewa motar da ba ta cika hawa titi ba birkinta ba ya buƙatar kulawa, tunda ba a taka shi balle ya cinye. Wannan kuskure ne, domin zaman ma yana cin birki, sai dai daga ciki yake ci.

Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska ko da motar tana lulluɓe a gareji. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Salshiyas, amma idan ruwan cikinsa ya kusa kashi 4 cikin ɗari, yana iya tafasa a wajen digiri 140. A doguwar gangara, inda birki ke ɗaukar zafi, man sai ya zama tururi, direba ya taka har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Ruwan kuma yana sa tsatsa a cikin silinda, tsatsar ta yage robar da ke tare man.

Abin ya fi haɗari a motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960, waɗanda da yawansu layin mai ɗaya ne ke kai wa ƙafafu huɗu, ta yadda yoyo a wuri guda ya isa ya ɗauke birkin gaba ɗaya. Saboda haka, a ganina ƙara sabon mai a kan tsohon kawai ba ya wadatarwa. A zubar da man a zuba sabo duk shekara biyu, a duba tiyo ko ya tsage.