Kaset ɗin da Dave Grohl ya fitar ba da sunansa ba

Wane kaset ne wannan?

Sunansa Pocketwatch, ya fito a 1992 da waƙoƙi goma. A jikin kwalin an rubuta Late! a matsayin masu waƙar, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙungiya ce. Ashe mutum ɗaya ne, Dave Grohl, makaɗin gangar Nirvana, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka, a lokacin. Shi ya kaɗa ganga, shi ya kaɗa gita, shi ya rera, aka kuma naɗi sautin a zama biyu, ɗaya a ƙarshen 1990 tare da abokinsa Barrett Jones, ɗaya a 1991.

To me ya sa ya ɓoye sunansa?

Ka duba inda yake. A Satumbar 1991 faifan Nevermind ya fito, Nirvana ta game duniya, kuma mai tsara waƙoƙinta Kurt Cobain ne. Mai ganga da ya shigo daga baya, a 1990, ba zai tashi rana ɗaya ya ce ga nasa waƙoƙin ba. Sai ya miƙa su ga wani ƙaramin kamfani a Arlington ta jihar Virginia mai suna Simple Machines, inda a lokacin ake kwafar kaset da hannu gwargwadon masu oda. A ganina kunya ce da sanin matsayi, ba dabarar kasuwa ba.

Waɗanne waƙoƙi ne suka sake fitowa daga baya?

Wadda aka fi sani ita ce "Color Pictures of a Marigold". A 1993, lokacin aikin faifan Nirvana mai suna In Utero da mai naɗar sauti Steve Albini, aka sake naɗarta, aka gajarta sunan zuwa "Marigold", aka sa ta a bayan faifan waƙar "Heart-Shaped Box". Muryar Grohl ce a gaba, ba ta Cobain ba, abin da ba a saba ji a Nirvana ba. A kaset ɗin kuwa muryar a ƙasa-ƙasa take, kamar mai tsoron kada maƙwabta su ji.

"Friend of a Friend" ta fi daɗewa a ajiye. Ya tsara ta ne lokacin da yake zaune gida ɗaya da Cobain a garin Olympia na jihar Washington, yana baƙo, yana kallon sababbin abokan aikinsa. Sai a 2005 Foo Fighters, ƙungiyar da Grohl ya kafa bayan Nirvana, suka saka ta a faifan In Your Honor, shekara goma sha ɗaya bayan rasuwar Cobain, don haka mai sauraro yake jin ta da wani kunne dabam. "Winnebago" ma Foo Fighters sun sake ta a 1995.

Ke nan daga nan Foo Fighters ta samo asali?

Kusan haka ne. A Oktoban 1994 Grohl ya shiga situdiyo a Seattle da Barrett Jones ɗin dai, ya sake kaɗa kusan komai shi kaɗai, ya kuma laƙaba wa aikin sunan ƙungiya, wato Foo Fighters. Sai daga baya ya nemo abokan kiɗa.