Joseph Yobo: tambayoyin da matasa suka yi mini a gidan kallon ƙwallo

Ranar Asabar da ta wuce, a wani gidan kallo da ke Titin Bauchi a nan Jos, janareto ya mutu ana tsakiyar wasan Everton. Kafin mai gidan ya samo mai, musu ya kaure a kan wane ne ɗan bayan da ya fi kowa a tarihin Super Eagles. Na ambaci Joseph Yobo, sai wani yaro da bai wuce shekara goma sha bakwai ba ya juyo ya ce, "Baba, ba shi ne ya ci gida a wasan Faransa ba?" Abin da kawai ya sani game da shi ke nan. Ga tambayoyin da suka biyo baya, da abin da na ce musu.

Wane ne shi, kuma daga ina ya fara?

Ɗan jihar Ribas ne, an haife shi ranar 6 ga Satumba, 1980. Bai yi suna a gasar gida ba kafin ya fita. A 1998 ya tafi Standard Liège ta Beljiyam, daga nan Marseille ta Faransa ta saye shi a 2001, amma bai zauna da gindinsa a can ba.

To yaya aka yi ya faɗa Ingila?

A 2002 koci David Moyes, wanda bai daɗe da karɓar Everton ba, ya ɗauko shi aro. Shi ne ɗan wasa na farko da Moyes ya kawo ƙungiyar, kuma shekara na zagayowa suka saye shi gaba ɗaya. Yana cikin waɗanda suka kai Everton ta huɗu a Firimiya a kakar 2004/05, lokacin da ba wanda ya sa su a lissafi, don sun sayar da Wayne Rooney tun a farkon kakar.

Abin da na fi so yaran su riƙe shi ne kakar 2006/07. Wasa 38 ake yi a Firimiya, Yobo ya buga su duka, daga busan farko har na ƙarshe, ba a cire shi ko na minti ɗaya ba. Ku duba abin da wannan ke nufi ga lamba biyar, wato ɗan tsakiyar baya: bai ji ciwon da ya kwantar da shi ba, ba a ba shi jan kati ba, katunan gargaɗi ba su taru sun hana shi wasa ba, koci kuma bai taɓa ganin dalilin zaunar da shi ba. Mu da muka san sanyin Jos a watan Disamba, muna iya kwatanta yadda fili yake a Ingila a wannan lokacin, ga ruwa ga taɓo, ga wasa kusan duk bayan kwana uku.

Me ya raba shi da Everton?

Wuri ya yi masa ƙunci. Phil Jagielka da Sylvain Distin suka riƙe tsakiyar baya, sai ya tafi Fenerbahçe ta Turkiyya aro a 2010, ya kuma ɗauki kofin gasar ƙasar a kakarsa ta farko. Daga baya ya ɗan leƙa Norwich aro a 2014.

A Super Eagles fa, me ya taɓuka?

Ya je Kofin Duniya sau uku: 2002, 2010 da 2014. A na farkon, ƙwallo ɗaya tak Najeriya ta ci, wadda Julius Aghahowa ya sa wa Suwidin da ka, ya bi ta da alkafura. Kowa na tuna alkafurar. Wanda ya ɗago ƙwallon daga gefen dama, Yobo ne.

A Kofin Afirka kuwa ya sha zuwa bakin rijiya ya dawo da ƙishi. Na uku a 2002, na uku a 2004, haka a 2006, haka a 2010, har mutane suka fara yi wa ƙungiyar ba'a da tagulla.

Amma an ce a Kofin Afirka na 2013 ɗumama benci ya yi, kofi kawai ya ɗaga.

Akwai gaskiya a ciki. Kocin ƙungiyar a lokacin, marigayi Stephen Keshi, wanda shi ma ɗan baya ne a zamaninsa, ya fi amfani da matasa biyu, Kenneth Omeruo da Godfrey Oboabona. A wasan ƙarshe da Burkina Faso a Johannasbag, Sunday Mba ya ci ƙwallo ɗayar da ta raba gardama, Yobo kuma sai dab da tashi aka sa shi. A nawa ganin, ba ƙaramin abu ba ne kyaftin mai shekara 32 ya zauna yana kallon ƙannensa a gurbinsa, gasar ta ƙare ƙungiya ba ta dare ba. Mun ga ƙungiyoyin da irin wannan ya tarwatsa, har a gasar unguwa da ake yi a filin makarantar firamare.

Cin gidan nan fa?

Ranar 30 ga Yuni, 2014, a Brasiliya, zagaye na biyu na Kofin Duniya, mu da Faransa. Paul Pogba ya riga ya ci ɗaya a minti na 79. Ana cikin ƙarin lokaci aka gangaro da ƙwallo gaban raga, Antoine Griezmann na matse da shi, ta taɓa Yobo ta shige. Ko ba ta shiga ba, an riga an fitar da mu. Bayan wasan ya ajiye rigar ƙasa.

Wasa nawa ya yi wa Najeriya?

Ana lissafa masa 101, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya kai 100. Gola Vincent Enyeama ya kamo shi, sai namu na Jos, Ahmed Musa, ya wuce su duka biyun. Da na faɗi haka sai yaron ya washe baki, ya ce, "Ashe dai namu ne a sama, Baba." A 2020 an naɗa Yobo mataimakin koci Gernot Rohr, amma ban kai ga ba su wannan labarin ba, janareto ya tashi, kowa ya juya ga talabijin.