Kiromatogirafin Bututu

Kiromatogirafin bututu hanya ce da masana sinadarai ke bi wajen rarrabe sinadarai masu tushen kabon da suka gauraya. Ana cika bututun gilashi da garin silika ko alumina, a zuba gaurayen a kansa, sannan a riƙa tsiyaya ruwan narkarwa irin su heksan. Sinadarin da ya fi kama garin yakan yi jinkiri, wanda bai kama sosai ba kuwa ya riga shi sauka, sai a tari kowanne a kwalbarsa.

Tarihi

Ana danganta hanyar ga Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha da aka haifa a Italiya a 1872. Tun wajajen 1901 yake raba launukan ganye a bututun da ya cika da garin alli. Ya gabatar da aikin a Warso a 1903, ya kuma faɗaɗa bayaninsa a 1906. Yawancin masanan zamaninsa ba su karɓi hanyar ba, har ya rasu a 1919, kuma marubuta sun saɓa kan dalilin hakan. Sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer da Alfred Winterstein suka farfaɗo da ita a Jamus wajen raba launukan karas da na gwaiduwar ƙwai. A 1978 W. Clark Still ya fito da salon tura ruwan da matsin iska, wanda ya rage lokacin aikin ƙwarai.

Zafin narkewa

Rabuwa a bututu ba ta isa shaidar cewa sinadarin da aka tara tsantsa ne ba, shi ya sa ake auna zafin narkewa. Tsantsar sinadari kan narke cikin digiri ɗaya ko biyu, gauraye kuwa yakan soma narkewa da wuri, ya kuma ja tazara mai faɗi. Yuriya da asid ɗin sinamik kowannensu na narkewa a kusan digiri 133, amma idan aka haɗa su sai su narke ƙasa da haka nesa, kuma da wannan ake gane cewa ba abu ɗaya ba ne.

A Sudan

Ɗaliban kimiyya da haɗa magunguna, ciki har da Hausawan Jazira da Sinnar, kan haɗu da hanyar a binciken tsirrai irin su lalle da filasko. Yanayi na da tasiri a nan, domin wani ruwan narkarwa da ake kira ita (ether) yana tafasa a kusan digiri 35, zafin Khartum kuwa yakan haura 40, kuma kumfar da ke tasowa cikin bututun idan ruwan ya soma tafasa tana tsaga garin ta ɓata rabuwar.