Coci mai rassa da yawa a Kaduna

Coci mai rassa da yawa ikilisiya ce guda ɗaya da ke yin sujada a wurare daban-daban, amma shugabancinta ɗaya ne, koyarwarta ɗaya ce, kuma daga hedkwata ake tsara kuɗinta da ma'aikatanta. Reshe ba ya zaɓar fastonsa, ba ya mallakar filinsa da sunan kansa, sau da yawa ma jigon wa'azin wata daga sama yake saukowa. A nan ne tsarin ya bambanta da na tsofaffin ɗariku irin su Baptist, inda kowace ikilisiya ke kiran fastonta tana riƙe asusunta, ko ECWA, inda akwai majalisu hawa-hawa tun daga ta ikilisiya har zuwa ta gunduma da babbar majalisa a Jos. Kiristocin da ke magana da Hausa sukan ce majami'a idan gini suke nufi, su ce ikilisiya idan jama'ar suke nufi. A bakin titi kuwa coci ake ce wa duka biyun.

Asali

Raba babbar ikilisiya zuwa ƙananan ƙungiyoyin gida ya yi suna ne ta hannun David Yonggi Cho na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, wanda ya fara shi a 1964. A Amurka, daga ƙarshen shekarun 1990, wasu coci-coci suka riƙa watsa wa'azin fasto ɗaya ta bidiyo zuwa zauruka da yawa. Najeriya ta bi tata hanyar, wato aika fasto mai jini a jika ya zauna a reshe, a bar bidiyo don manyan taruka. Cocin RCCG (Redeemed Christian Church of God), wadda Josiah Akindayomi ya kafa a 1952 kuma Enoch Adeboye ya gaje shi a 1981, ta sa wa kanta burin cewa a ƙasashe masu tasowa kowa ya iske reshe cikin tafiyar minti 5 a ƙafa.

Kaduna na da gurbi na musamman a wannan tarihi. An ƙaddamar da cocin Living Faith ta David Oyedepo a Satumba 1983, kuma Kaduna ce cibiyarta ta farko. A nan ta buɗe makarantar horar da ma'aikatanta, WOFBI, a 1986, daga nan kuma ta aika fastoci su buɗe rassan farko a garuruwan Arewa irin su Maiduguri da Bauchi. Oyedepo ya koma Legas a 1989, sannan a 1999 aka buɗe babbar majami'a mai kujera 50,000 a Ota, jihar Ogun. Majami'ar cocin da ke unguwar Barnawa a Kaduna ta ci gaba da zama uwa ga rassan yankin.

Yadda birnin ya tsara rassan

Ba za a fahimci taswirar rassan coci a Kaduna ba sai an dubi kogin Kaduna, wanda ya raba birnin biyu. Bayan rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamba 2002, jama'a suka yi ta sauya unguwa: Kiristoci da yawa suka ƙetara zuwa kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewa. Sabon Tasha, Narayi, Television, Unguwar Romi, Gonin Gora da Kamazou suka cika da sababbin mazauna, wasu majami'un arewacin birni kuma suka wayi gari mambobinsu na zuwa daga nesa. Coci mai rassa ta fi saurin bin jama'arta, domin hedkwata na iya biyan hayar zaure ta tura fasto cikin 'yan makonni, ba sai an jira sabuwar ikilisiya ta tara kuɗin kanta ba. Cire tallafin man fetur a Mayu 2023 ya ƙara wa wannan ƙarfi. Magidanci mai iyali shida da zai hau Keke Napep sau biyu kafin ya isa babbar majami'a, ya dawo haka, yakan gwammace reshen da ke bayan layinsu.

Buɗe sabon reshe

Reshe mai ɗorewa daga zumuntar gida yake fitowa. Mutum goma zuwa goma sha biyar na haɗuwa a falon wani mamba sau ɗaya a mako, a yi waƙa, a karanta Littafi Mai Tsarki bisa takardar da hedkwata ta raba, a yi addu'a, a tambayi wanda bai zo ba. A Living Faith da yammacin Asabar ake yin wannan, na awa guda. Idan falo ya cika sai a raba zumuntar biyu, mataimakin shugaba ya tafi da rabi. Idan zumuntai suka yi yawa a unguwa ɗaya, kuma kujerun uwar majami'a suka kai kimanin kashi 80 cikin 100 a cike, masu nazarin girman ikilisiya na ganin lokacin reshe ya yi, domin baƙon da ya leƙo bai ga wurin zama ba da wuya ya dawo.

Daga nan sai a ware ma'aikatan tushe: fasto ko mai bishara, ma'aji, mai jan waƙa da mai kiɗa, malaman makarantar Lahadi, masu tsara zama, da mai kula da na'urori. Galibi da ajin makaranta ko zauren biki na haya ake farawa. Wannan yana da sauƙin kuɗi, amma yana da wahala a jiki, don kowace Lahadi da asuba sai an kwaso kujeru, lasifika da janareta, a mayar da su da rana. Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne buɗe reshe don a cika adadin da aka ɗora wa fasto, ba tare da zumuntar gida a ƙasa ba. Ranar buɗewa zaure zai cika da mutanen da aka kwaso a bas daga hedkwata, mako uku bayan haka sai fasto da iyalinsa.

Takardu ma na da nasu matsayi. Coci na yin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta hanyar amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma da sunan amintattun ya kamata a sayi kowane fili. A Kaduna takardar mallaka daga hukumar filaye ta KADGIS take fitowa, izinin gini kuma daga hukumar tsara birane ta KASUPDA. Filin da aka saya da takardar mai unguwa kaɗai, ko gidan zama da aka mayar majami'a ba tare da izinin sauya amfani ba, yana iya fuskantar rusau bayan an zuba masa baikon shekaru. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne lasisin ɗaurin aure: ana ba da shi ne ga takamaiman wurin sujada, don haka lasisin hedkwata ba ya rufe reshe. Ma'auratan da ke son takardar aure ta doka sai a ɗaura musu a majami'ar da ke da lasisi ko a ofishin rajista.

Sujada, harshe da na'urori

Tsarin sujadar Lahadi kusan ɗaya ne a dukkan rassa: yabo, addu'a, shaida, sanarwa, baiko da zakka, wa'azi, sannan kiran masu son ba da ransu ga Kristi. Reshen da ya cika yakan yi sujada biyu ko uku a jere, da 'yar tazara don masu fita su ba masu shiga hanya.

Harshe babban al'amari ne a Kaduna. Hausa ce ta daɗe tana haɗa Bajju, Atyap, Ham, Adara da Gbagyi a sujada, tun bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Sababbin coci-cocin Fentikos kuwa da Turanci suka taso. Reshen da ya tsaya a Turanci zalla yana samun ma'aikata da ɗalibai, amma yana rasa tsofaffi da 'yan kasuwa mata da waɗanda suka taso daga ƙauye. Mafita biyu ce. Ko a sa tafinta, wanda ke ninka tsawon wa'azi ya kuma rage masa zafi, ko a ware sashen Hausa da mai wa'azinsa da waƙoƙinsa. Ta biyun ta fi, muddin ba a mayar da sashen Hausa saniyar ware ba, wato a ba shi lokacin da ya fi takura da fasto mafi ƙarancin horo. Inda aka yi haka, mutane na gani, kuma suna komawa cocinsu ta asali.

Idan za a haɗa rassa da babban taro kai tsaye, kamar Shiloh da Living Faith ke yi a Ota kowane Disamba, ana amfani da tauraron ɗan adam ko intanet, da majigi ko manyan talabijin. Dole a ɗauki sautin ta kebul daga dikoda, wato akwatin da ke karɓar siginar, zuwa na'urar haɗa sauti. Ɗora makirufo a bakin talabijin shi ke kawo ƙugi. Dikoda da majigi na bukatar batirin inbata, domin daƙiƙun da ake yi kafin janareta ya tashi sun isa su katse wa'azi, na'urar kuma ta ɗauki minti kafin ta dawo. Da damina ruwa mai ƙarfi na yanke siginar tauraro, ƙararsa a kan rufin kwano marar silin kuma na danne muryar mai wa'azi. Shi ya sa faston reshe ke zama da wa'azinsa a aljihu. Rufe wuraren ibada a jihar lokacin korona a 2020 ya tura rassa da yawa zuwa Facebook, YouTube da WhatsApp, kuma mafi yawansu ba su daina ba.

Hidimomi

Zumuntar mata ita ce ƙashin bayan aiki a kusan kowace ikilisiyar Arewa: su ke ziyarar mai jego da marar lafiya, su ke girkin makoki, su ke lura da gwauruwar da ta daina zuwa. Akwai zumuntar maza, ta matasa, mawaƙa, da makarantar Lahadi da ake raba yara bisa shekaru. A sashen yara ƙa'ida mai kyau ita ce kada babba ɗaya ya keɓe da yara, kuma wanda ya kawo yaro shi zai karɓe shi.

Fita bishara, wadda ta samu gindin zama tun zamanin shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, ana yinta gida-gida ko ta wa'azin fili. Amma aikin yana cikin bin sawu. Wanda ya amsa kira ana rubuta sunansa da unguwarsa, a kira shi cikin kwana biyu, a haɗa shi da zumuntar gida mafi kusa, a sa shi ajin sababbin masu bi kafin baftisma. Katunan da suka kwana mako biyu a aljihun tebur sun zama takarda kawai.

Hidimar jinƙai ta haɗa da ziyarar asibiti da gidan gyaran hali, tallafin kuɗin makaranta, koyar da ɗinki ko haɗa sabulu, da kai abinci ga waɗanda hare-hare suka raba da ƙauyukansu a Kajuru, Chikun da kudancin jihar. A shirin duba lafiya kyauta ana auna hawan jini da suga, a gwada zazzaɓin cizon sauro, a ba yara maganin tsutsar ciki. Rauninsa shi ne kwana ɗaya ne. Mai hawan jini da aka ba maganin mako biyu ba tare da takardar tura shi asibiti ba, an sanar da shi cutarsa ne kurum. Ya kamata kuma a yi wa kowa hidima ba tare da sharaɗin addini ba; a gari irin Kaduna, taimakon da aka ɗaure da sharaɗi yana ɓata zaman maƙwabtaka.

Kuɗi da iko

Mutum biyu ko uku ke ƙirga baiko a ɗaki ɗaya, su sa hannu a takarda, a kai banki ranar aiki ta gaba, cikin asusun coci ba na fasto ba. Hedkwata ke yanke kason da reshe zai aika da wanda zai riƙe, ita ke biyan albashi a tsari da yawa. Amfanin wannan shi ne reshen masu hali na ɗaukar na talakawa. Illarsa tana fitowa idan aka auna fasto da yawan kai da yawan kuɗi kaɗai: sai rahoto ya fara kumbura, wa'azi ya karkata ga bayarwa, faston unguwar talakawa ya zama kamar wanda ya gaza. Lissafin girma ma yana bukatar gaskiya, domin da yawa daga sababbin fuskoki ba sababbin tuba ba ne, 'yan ECWA ne ko Katolika ko Baptist da suka sauya wurin zama.

Sauya wa fastoci wurin aiki bayan 'yan shekaru hanya ce ta hana reshe zama mallakar mutum ɗaya, wanda wata rana zai ɓalle da rabin jama'a. Yana hana hakan, amma da tsada: 'ya'yan fasto na sauya makaranta a tsakiyar zango, kuma mamba da ya buɗe wa makiyayinsa cikinsa sai ya sake farawa da baƙo.

Tsaro da maƙwabta

Bayan hare-haren bam na 2012, ciki har da na ranar 17 ga Yuni a Kaduna da Zariya da na cocin St Rita a Malali ranar 28 ga Oktoba, tsaro ya zama sashe mai zaman kansa a kowane reshe. Ana bincike a ƙofa da na'urar hannu, ana hana manyan jakunkuna, ana ajiye motoci nesa da gini. Sace ɗalibai fiye da 100 na makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun a Yuli 2021 ya sa coci-cocin da ke bakin gari suka rage kwanan addu'a, wasu suka mayar da shi yamma. Ƙarar lasifika da tare hanya na cikin abubuwan da ke jawo saɓani da maƙwabta, kuma batun lasifika na cikin ƙudurin dokar wa'azi da gwamnatin jihar ta gabatar, wanda ya jawo doguwar muhawara a 2016. Rassan da suka zauna lafiya da unguwa galibi su ne waɗanda suka juya lasifikarsu ciki, suka bar hanya a buɗe ranar Lahadi, kuma suke sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda kafin kowane taron dare.