Asusun TSP na ma'aikatan gwamnatin Amurka: ina matsayin matar aure?

Ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka, farar hula ne ko soja, yana da asusun ajiyar ritaya da ake ce wa Thrift Savings Plan, TSP a taƙaice. Dokar 1986 ce ta kafa shi. Duk biya ana yankar wani abu daga albashinka a zuba, in kana tsarin FERS, wato tsarin fanshon ma'aikatan tarayya na yanzu, kuma ka sa kashi 5 cikin ɗari, gwamnati ma ta ɗora nata 5. Asusun sunan mutum ɗaya ne a kai, babu na haɗin gwiwa. To amma fa in da aure, kuɗin nan ba naka ba ne kai kaɗai yadda kake zato, ita ma uwargida ba ta riƙe su yadda take zato ba. Zan riƙa cewa miji da mata ne don sauƙi, in matar ce ma'aikaciyar haka dokar take hawa kanta.

Muddin kana raye, hannun matarka na da ƙarfi sosai. Ɗan FERS ko soja ba zai ci bashi daga asusunsa ba sai ta sa hannu, ba zai ciri kuɗi yana bakin aiki ba sai ta sa hannu. Bayan barin aiki ma abin ya fi tsauri, don doka ta riga ta ba ta haƙƙin a mayar da kuɗin su zama fansho na wata-wata na ku biyun, wanda in ka rigaye ta za ta cigaba da karɓar rabin abin da ake biya har ƙarshen ranta, saboda haka in kai so kake ka kwashe gaba ɗaya ka sayi gida ko ka ja jari, kuma abin da ke ciki ya haura dala 3,500, sai ta yafe wannan haƙƙin a rubuce tukuna. Tsofaffin ma'aikata 'yan tsarin CSRS, wato tsarin fanshon da ya gabaci FERS, su nasu da sauƙi, sanar da matar kawai ake yi, ba a neman yardarta.

Wani zai ce ai mun daɗe da rabuwa, kowa gidansa daban. Bai isa ba. In kotu ba ta raba auren ba matarka ce a wajen TSP. Ana iya ɗaga maka ƙafa in ka kawo hujja cewa ba a san inda take ba, ko wani yanayi na musamman da takardar kotu ko ta hukuma ta tabbatar, amma "ba ma ga maciji da juna" ba hujja ba ce.

Juya kuɗin tsakanin rukunan zuba jari da ke cikin TSP, wato asusun G, F, C, S, I da na L, kuwa ba ruwan matar, mai asusu ne ke yin abinsa. Ita ma ba ta da ikon ba da umarni a kai sai da takardar wakilci ta doka da TSP suka amince da ita.

Inda abin mamakin yake shi ne bayan mutuwa. Mutumin da ba zai iya cin bashin dala dubu ba sai matarsa ta yarda, zai iya zama gaban kwamfuta ya rubuta ƙaninsa ko abokinsa a matsayin mai karɓar kuɗin duka in ya mutu, ba tare da ta sa hannu ba, ba ma sai ta sani ba. A asusun ritaya na 401(k) na ma'aikatan kamfanoni, dokar ERISA mai kula da fanshon kamfanoni ta tsare wa matar wannan, sai ta yafe da kanta, amma TSP ba ya ƙarƙashin ERISA. Ni dai a ganina giɓi ne babba, an tsare ƙofa an bar taga a buɗe. Wasiyya ma ba ta canza komai, sunan da ke rajistarsu shi za su biya. Saki ma baya goge shi da kansa, in ka sa tsohuwar matarka ka manta, ka yi sabon aure har da 'ya'ya, to tsohuwar za a kira.

In ba ka rubuta kowa ba doka ce ke jerawa: mata tukuna, in babu sai 'ya'ya daidai wa daida, sai iyaye, sai mai kula da dukiyar mamaci, sai dangi na kusa bisa dokar jihar da ka zauna. Agola baya ciki sai in ka ɗauke shi ɗa a hukumance.

Matar da ta gaji dala 200 ko fiye ana buɗe mata asusu da sunanta a cikin TSP ɗin, ta bar kuɗin suna juyawa ta riƙa cira yadda take so, sai dai ba za ta ƙara zuba komai ba, ba bashi kuma. Ranar da ita ma ta rasu, nata magadan hannu da hannu za a biya su, ba damar mayarwa wani asusun ritaya, haraji kuma ya hau a wannan shekarar.

Maganar saki kuma, kotu na iya yanka wa tsohuwar mata kaso, amma dole umarnin ya ambaci Thrift Savings Plan ƙarara, ya faɗi dala nawa ko kashi nawa. Lauyan da ya rubuta "fanshon gwamnati" kawai ya ja maki komawa kotu. Da takardar ta isa hannunsu suke kulle asusun, ba cira ba bashi har sai sun gama dubawa.